Abin da ƙyanda ke tafiya da shi bayan ƙuraje sun bushe

A gidajenmu lissafin ƙyanda gajere ne. Yaro ya yi kwana uku ko huɗu yana fama da zazzaɓi mai zafi, idanu sun yi ja, hanci na zuba, tari ya ƙi tsayawa, sai ƙuraje su ɓullo ta bayan kunne da goshi su gangara jiki. Idan suka baje, suka dushe, fata ta fara saɓa, sai a ce an auna arziki, maƙwabta su shigo barka. Har yanzu akwai masu ganin baƙon dauro dole ne ga kowane yaro, gara ya fito masa tun yana ƙarami a wuce wurin.

Tsofaffin mata kuwa sun daɗe da wata magana da ba a cika saurara ba: "Tun da yaron nan ya yi ƙyanda bai sake komawa daidai ba." Yau gudawa, gobe tari, jibi kunne na zubar da mugunya, ga rama. Binciken da aka yi a shekarun nan ya gaskata su, har ya nuna abin da ke faruwa a cikin jinin yaron. Ƙyanda tana sa garkuwar jiki ta manta da cututtukan da ta riga ta sani.

Garkuwar jiki koyo take yi. Jariri yana zuwa duniya da ɗan kariyar da ya aro daga mahaifiyarsa ta mabiyiya, ya ƙara da ta nono, amma wannan aron yana ƙarewa cikin watanni. Daga nan duk cutar da ta shige shi, da duk allurar riga-kafin da aka yi masa, darasi ne. Wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin B su ke ƙera sinadaran kariya, wato antibodi, kowanne da cutar da ya dace da ita. Ƙwayoyin T kuma su ke farautar ƙwayoyin jikin da cuta ta riga ta shige. Bayan an warke, wani rukuni daga cikinsu ba ya mutuwa. Yana zama a ɓargo, da saifa, da wuraren da kaluluwa ke fitowa, shekara da shekaru, yana riƙe da kamannin cutar. Kamar tsofaffin 'yan sintirin unguwa ne da suka san fuskar kowane ɓarawo da lungun da yake bi: da ya leƙo an gane shi, kafin ya taɓa komai an cafke shi. Shi ya sa yaro ɗan shekara biyar ya fi ɗan shekara ɗaya jure ciwo.

To, ita ƙwayar cutar ƙyanda waɗannan tsofaffin hannun take nema kai tsaye. A shekarar 2000 masu bincike a Japan, ƙarƙashin Yusuke Yanagi, suka gano ƙofar da take bi ta shiga: wani sinadari ne a bayan ƙwayoyin garkuwa da ake kira CD150, kuma ƙwayoyin da ke riƙe da tarihin cututtuka suna cikin waɗanda suka fi ɗauke da shi. Ana shaƙarta ta iska, ta kama ƙwayoyin garkuwar da ke gadin huhu, su kuma su ɗauke ta da kansu su kai ta cibiyoyinsu, ta yi ta hayayyafa a can kwana da kwanaki yaro na wasansa. Sai daga baya ta dawo hanyar numfashi ta fita da tari. A 2012 Rik de Swart da abokan aikinsa a Rotadam ta ƙasar Holan suka saka wa birai ƙwayar ƙyandar da aka sa wa alama mai walƙiya, suka bi sawunta, suka ga yadda take cika waɗannan cibiyoyi tana cinye ƙwayoyin tunawa. Bayan 'yan makonni adadin fararen ƙwayoyin jini yakan koma yadda yake, wanda ya duba sakamakon gwaji zai ce lafiya lau. Sai dai yawancin sababbin da suka cike gurbin ƙyanda kaɗai suka sani. Nan ne abin mamakin yake: cutar tana bar wa mutum kariya daga ita kanta har iya rayuwarsa (a annobar tsibiran Faro ta 1846, tsofaffin da suka yi ta shekara 65 kafin nan ba ta sake kama su ba), amma ta share masa wani ɓangare na sauran.

Likitoci sun daɗe da ganin alamar hakan. Tun 1908 wani likitan yara a Biyana ta ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, ya lura cewa yaron da gwajin fata ya nuna jikinsa ya san tarin fuka, idan ƙyanda ta kama shi sai gwajin ya daina nunawa. A shekarun 1970 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Hilton Whittle da abokansa suka nuna raunin garkuwar yara masu ƙyanda, suka kuma ga cewa ƙwayar cutar ta fi daɗewa a jikin yaro mai tamowa. Abin da aka ɗauka a lokacin shi ne raunin na 'yan makonni ne.

A 2015 Michael Mina da abokan aikinsa suka tono alƙaluman mace-macen yara na Ingila da Wales, da Amurka, da Denmak, kafin zuwan riga-kafin ƙyanda da bayansa. Suka ga cewa duk lokacin da aka yi annobar ƙyanda, mutuwar yara daga wasu cututtukan daban tana ƙaruwa, kuma ƙaruwar tana ɗaukar shekara biyu zuwa uku kafin ta lafa. Lissafinsu ya nuna cewa kafin riga-kafi, a waɗannan ƙasashe, ƙyanda na iya zama da hannu a kusan rabin mutuwar yara daga cututtuka masu yaɗuwa. Amma lissafi lissafi ne, ana bukatar a gani a jini.

Damar ta zo ne daga Holan. Akwai wata al'umma ta Kiristoci masu tsananin riƙo da addini a can da da yawansu ba sa karɓar riga-kafi, kuma a 2013 ƙyanda ta ɓarke a cikinsu. Iyaye suka yarda aka ɗebi jinin 'ya'yansu kafin cutar ta iso gidajensu, aka sake ɗiba kimanin wata biyu bayan sun warke. An sami yara 77 da ake da jininsu na kafin da na bayan. Aka gwada shi da wata fasaha da ɗakin binciken Stephen Elledge na Jami'ar Harvard ya ƙirƙiro, mai suna VirScan, wadda daga ɗigon jini take iya karanta dubban nau'o'in antibodi, ta faɗi cututtukan da jikin mutum ya taɓa haɗuwa da su. Sakamakon ya fito a 2019. Yaran sun rasa tsakanin kashi 11 zuwa kashi 73 cikin ɗari na nau'o'in kariyar da suke da su. Ko waɗanda ƙyandar ta zo musu da sauƙi, matsakaicin abin da suka rasa ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Yaran da aka yi wa allurar ƙyanda aka gwada su ta hanya ɗaya ba su rasa komai ba. Wani binciken na Velislava Petrova da ya fito lokaci guda, a kan jinin yara daga wannan al'umma, ya ƙara da cewa hatta sababbin ƙwayoyin B da ba su riga sun koyi komai ba suna komawa kamar na jinjiri.

Kariyar tana dawowa, amma ta hanya mai tsada: sai jikin ya sake haɗuwa da kowace cuta ya sake koyonta.

A nan ne nake ganin maganar ta fi shafarmu. Yaron Holan da ya rasa kashi 40 na kariyarsa yana komawa gida mai ruwan famfo, da cima mai kyau, da likita a kusa. Yaron Gangare ko Unguwar Rogo ko Rikkos a garin Jos yana komawa inda ruwan rijiya ne ko na 'yan garuwa, kwata na bin ƙofar gida, kuma kafin ƙyandar ma nauyinsa bai kai ba. Sake koyon gudawa da limoniya a irin wannan hali ba kowane yaro ne ke tsallakewa ba, kuma idan ya rasu bayan wata biyar babu wanda zai rubuta ƙyanda a matsayin sanadi. David Morley, likitan da ya yi aiki a Imesi-Ile ta jihar Osun ta yanzu tun ƙarshen shekarun 1950, ya rubuta yadda ƙyanda ke zaftare nauyin yara fiye da kowace cuta da ya gani. Katin awon nauyin da ake bai wa uwa a asibiti daga aikinsa ya samo asali. Wani bincike a gundumar Dong ta jihar Adamawa, bayan annobar 2004 zuwa 2005, ya gano cewa fiye da ɗaya cikin kowane goma na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da suka kamu sun mutu. Ga makanta, domin ƙyanda na ƙone sinadarin bitamin A na jiki har baƙin ido ya yi gyambo. Ga ciwon noma mai cin baki da fuska, wanda sau da yawa a bayan ƙyanda yake kama yaro mai tamowa, shi ne wanda ake da asibitinsa na musamman a Sakkwato.

Ba a rufe muhawara ba dai. Peter Aaby, ɗan Denmak da ya fara bibiyar lafiyar yara a Bandim ta Gini Bisau tun 1978, yana cikin na farko da suka lura cewa allurar ƙyanda na rage mutuwar yara fiye da adadin da ƙyanda ke kashewa. Amma shi bai danganta hakan da mantuwar garkuwa ba. A bincikensa na Afirka ta Yamma bai ga yaran da suka tsallake ƙyanda suna ta mutuwa fiye da sauran a shekarun da suka biyo baya ba. Yana ganin ita allurar ce, kasancewarta rayayyiyar ƙwayar cuta da aka raunana, take horar da garkuwar jiki gaba ɗaya. Wannan batu na horar da garkuwa yanzu fage ne mai zaman kansa, musamman a kan allurar tarin fuka ta BCG da ake yi wa jarirai. A ɗaya ɓangaren kuma, bincike a Birtaniya ya ga yaran da suka yi ƙyanda sun fi sauran yawan kamuwa da cututtuka da shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta har tsawon shekaru, wani kuma a Kwango ya ga kariyar ciwon sarƙe-haƙora ta fi rauni a jinin yaran da aka yi wa allurarsa amma suka taɓa yin ƙyanda. A ganina shaidar jini ta yi ƙarfin da ba za a ture ta ba. Abin da ya rage a tantance shi ne girman ɓarnar a ƙasa irin tamu da kuma tsawon lokacinta. Kuma ko wane ɓangare ne ya fi gaskiya, duka biyun sun haɗu a kan cewa amfanin allurar ya zarce hana ƙuraje.

Akwai wani abu da Aaby ya gano da ya kamata kowane gida mai yara da yawa ya sani. Yaron da ya kwaso ƙyanda a waje yakan fi samun sauƙi a kan ƙanensa da ya kwasa a wurinsa a cikin ɗaki, saboda na biyun ya kwana yana shaƙar cutar da yawa. Duk wanda ya san sanyin Jos a watan Disamba da Janairu ya san yadda ake kwana: a rufe taga, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a tara yara a ɗaki ɗaya, wani gidan har da kaskon gawayi. Ƙwayar ƙyanda kuwa tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, mutum ɗaya na iya harbar 12 zuwa 18 a inda babu masu kariya, kuma yana fara yaɗa ta kwana huɗu kafin ƙuraje su fito. Kafin a gane mece ce ta riga ta gama zagaye. Haka abin yake, har ma ya fi muni, a makarantu da wuraren ibadar da rikici ya tara masu gudun hijira daga Mangu ko Bokkos ta jihar Filato.

Ba sanyi kaɗai ke sa ta zo da rani ba. A 2011 Nita Bharti da abokanta suka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam na hasken dare a Yamai da Maraɗi da Damagaram, suka nuna cewa ƙyanda na tashi ne daidai lokacin da garuruwan ke cika da 'yan ci-rani bayan kaka, ta kuma lafa idan damina ta mayar da mutane gona. Ma'anarsa, lokacin da ya fi dacewa a bi yara da allura shi ne sa'ad da ake shigowa gari, kuma a tashoshin mota da unguwannin da baƙi ke sauka.

Allurar kanta tsohuwa ce, tun 1963 ake da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ta hana mutuwar mutum miliyan 60 tsakanin 2000 da 2023, amma duk da haka a 2023 mutum miliyan 10.3 suka kamu, kimanin 107,500 suka mutu, galibinsu ƙananan yara. A Najeriya ana yin ta a wata 9, a maimaita a wata 15. Wata 9 sasantawa ce: idan aka yi da wuri, kariyar da jariri ya aro daga uwa za ta kashe allurar kafin ta koyar da komai; idan aka jinkirta, cutar za ta riga ta. A wannan watan kuwa kusan yara 15 cikin 100 allurar ba ta kama su, shi ya sa ta biyun ba ƙari ba ce, ita ce ke ceto waɗannan. Ana bukatar kashi 95 cikin ɗari na yara su samu kafin cutar ta rasa hanyar bi. Mu a 2023 muna wajen kashi 60 a ta farko, kuma a waccan shekarar Najeriya ce kan gaba a duniya da yara kimanin miliyan 2.1 da ba a taɓa yi musu allurar riga-kafin yau da kullum ko sau ɗaya ba.

An fi son a ɗora laifin wannan giɓi a kan ƙin yarda. Akwai shi, kuma bai fito daga banza ba: gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ya bar tabon da ya taimaka wajen ƙauracewa allurar shan-inna a 2003. Amma duk wanda ya taɓa zama a benci a asibitin sha-ka-tafi ranar allura ya ga wani dalilin. Mace ta zo da goyo, ta biya kuɗin Keke, ta bar tallan da take ci da shi, ta miƙa kati. Ma'aikaciya ta duba, ta leƙa layi, ta ce, "Maman yaro, ki yi haƙuri, ku uku ne kawai na ƙyanda yau. Ki dawo mako mai zuwa idan an taru." Ba mugunta ba ce. Kwalbar ta yara goma ce, gari ne a ciki da ake haɗawa da ruwansa, kuma da zarar an haɗa, bayan awa shida sai zubarwa. Ƙa'ida ta ce a buɗe ko don yaro ɗaya, amma ma'aikaciyar na tsoron a tuhume ta da asara ko kuma ta ƙare mata kafin a kawo wata. Uwar ta ce, "To sista, Allah ya kai mu," ta gyara goyo. Da yawa ba sa dawowa. Ga kuma tazarar: daga allurar mako 14 sai wata 9, sannan wata 15, lokacin yaro ya fara tafiya, wataƙila an samu wani cikin, an ɗauka an gama. Gangami irin wanda aka ƙaddamar a Abuja a watan Oktoban 2025, na allurar ƙyanda da rubela (ƙyandar Jamus) ga yara daga wata 9 zuwa shekara 14, yana share tarin waɗanda aka tsallake, amma kowace rana ana haihuwar sababbi, kuma su a wannan bencin za su zauna.

Mutanen Filato suna da dalilin yarda cewa ana iya gamawa da irin wannan cuta. Ƙyanda 'yar'uwar bushiya ce, annobar shanun nan da ta sha karya arzikin Fulani. Wani bincike na 2020, da ya yi amfani da huhun wata yarinya da ta mutu da ƙyanda a Balin ta Jamus a 1912, ya ƙiyasta cewa sun rabu ne kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Yaƙi da bushiya ne babban aikin cibiyar binciken cututtukan dabbobi da aka kafa a Vom, kudu da Jos, a 1924, kuma a 2011 aka ayyana cewa an kawar da cutar daga doron ƙasa, ta biyu a tarihi bayan agana. Abin da ya taimaka wajen ƙarasa aikin shi ne samun allurar da ke jure zafi har wata guda ba firji, aka kuma koya wa makiyaya da kansu yin ta a inda likitan dabbobi ba ya kaiwa. Irin wannan ake nema wa ƙyanda yanzu. A 2024 aka wallafa sakamakon gwajin da aka yi a Gambiya na wani ɗan manne mai kama da filasta, ɗauke da ƙananan tsinaye da ke narkewa a fata. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na jariran da aka manna wa sun sami kariya daga ƙyanda, daidai da waɗanda aka yi wa allura. Kowane manne na yaro ɗaya ne, babu haɗa ruwa, babu jiran a taru. Sai dai da sauran manyan gwaje-gwaje kafin ya iso asibitocinmu.

Saura yaron da ta riga ta kama. A asibiti ana ba shi bitamin A sau biyu, yau da gobe, kuma gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu, aka wallafa a 1990, ya nuna hakan na rage haɗarin mutuwa ko tsanantar ciwon da kusan rabi a tsakanin waɗanda aka kwantar. A ci gaba da nono da ruwa da abinci ko yana ƙi, kada a ɗiga masa komai a ido sai abin da likita ya bayar, a kuma raba masa makwanci da ƙannensa gwargwadon hali. Masu binciken 2019 sun ɗaga tambayar ko ya kamata a sake yi wa irin wannan yaro alluran da ya riga ya karɓa, tunda ƙyandar na iya goge aikinsu. Jadawalin riga-kafinmu bai tanadi hakan ba. Abin da za a iya yi tun yanzu ba tare da jiran kowa ba shi ne a rubuta watan da ya yi ƙyanda a katinsa, a ci gaba da kai shi awo duk wata, kuma duk lokacin da zazzaɓi ko gudawa ko saurin numfashi ya kama shi a shekara biyu zuwa uku masu zuwa, a kai shi asibiti a ranar, uwa ta fara da gaya wa ma'aikacin lafiya cewa ya yi ƙyanda.